Shafi Ɗari Mun Yarda, Harajin Tawada Ba Mu Yarda Ba

'Yan'uwa ɗalibai, waɗansu za su ce don me muke ɓata tawada a kan wasa. To, ruwa ba ya tsami banza, kuma abin da yaro ya saba gani a fagen wasa, shi zai ɗauka daidai ran da ya hau kujerar ofis.

Wasan Dungeons & Dragons, wanda Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar a Amurka a 1974, tatsuniya ce da ake sarrafawa a kan tebur: kowa ya ɗauki matsayin jarumi, ko ɓarawo, ko boka, jagoran wasa yana ba da labari. Shi bokan nan ba ya da makami sai kundinsa, inda yake rubuta asiransa, yana bitarsu kafin ya fita.

A bugun 2003 an ƙayyade wa kundin shafi 100, kuma kowane asiri yana cin shafuka daidai da darajarsa: mai daraja ta 1 shafi guda, mai ta 9 shafi 9. Wannan doka mun yi na'am da ita. Ta hau kan kowa, ta tilasta wa boka ya zaɓi abin da zai ɗauka, ta kuma hana shi shanye sauran 'yan wasa.

Inda gizo yake saƙa shi ne kuɗin tawada. Ban da asirai biyu da ake ba shi kyauta duk sa'ad da ya ƙara matsayi, kowane shafi sai ya biya zinariya 100. Takobin jarumi kuwa zinariya 15 ne, watau shafi guda ya fi takubba shida tsada. Lebura a cikin wannan duniya tasu azurfa guda yake samu a wuni, azurfa goma kuwa ita ce zinariya ɗaya. Ke nan sai ya yi ƙwadagon kwana 1,000 kafin ya rubuta shafi ɗaya tak!

Da bugun 2014 ya zo, sai aka gyara abin a baibai. Aka daina faɗin yawan shafukan da asiri yake ci, amma aka bar harajin: zinariya 50 da awa 2 a kan kowace daraja. An yar da dokar adalci, an riƙe ta jari-hujja.

Masu kare harajin suna cewa don daidaita ƙarfi aka sa shi. Ba haka ba ne. Iyakar shafi da tsawon lokacin kwafi sun isa su yi wannan aiki. Kuɗi ba ya rage ƙarfin boka, sai dai ya zaɓi wanda zai yi ƙarfi, watau mai ƙaton aljihu. Mu da muke kwafe littafi da hannu saboda mun kasa saye, mun san ɗacin wannan.

Saboda haka muna kira ga duk mai jagorantar tebur: ka ƙirga shafuka, ka ƙirga awoyi, amma ka soke harajin tawada tun daga zama na gaba.