Awarar tamu ce, waken na maƙwabta ne

Duk wanda ya taɓa tsayawa bakin titi da la'asar a Maraɗi ko Damagaram ya san ƙamshin awara da yaji. Gwaggona ta fi shekara ashirin tana wannan sana'a, da ita ta yi ɗawainiyar karatun ƴaƴanta. Amma waken suyar da take jiƙawa kullum ba a gonakinmu aka noma shi ba, daga Najeriya yake shigowa ta Ɗan Isa. Lokacin da Najeriya ta rufe iyakarta a watan Agusta na 2019, da kuma lokacin takunkumin CEDEAO na 2023, kuɗin tiya ya yi tashin da ya sa ta rage girman yanka, wata rana ma ko wuta ba ta hurawa. Tun daga nan nake cewa ya kamata Nijar ta samar da irin waken suya nata na kanta.

Za a ce mini ai waken suya ba ya yi a ƙasarmu. A da haka ake faɗa a Kano ma. Tsohon irin da ake kira Malayan, wanda Tibi suka daɗe suna nomawa a Binuwai, yana da matsaloli: kwansonsa na fashewa a gona ya zubar da ƙwaya, kuma irin da aka ajiye yakan mutu kafin damina ta zagayo. Masana na cibiyar IITA da aka kafa a Ibadan a 1967 suka yi ta auratayya tsakanin iri da iri har suka fito da dangin da ake kira TGx. Saiwar waɗannan tana ƙulla zumunci da ƙwayoyin halittar da ke cikin ƙasarmu tun asali, irin waɗanda waken gida yake amfana da su, ta haka shuka take samo sinadarin taki daga iska. TGx 1448-2E ba ya saurin fashewa, TGx 1835-10E kuma yana nuna da wuri, yana jure cutar tsatsa. Yau Kaduna da Kano suna cikin masu noma shi sosai.

Sai dai don wuraren da suka fi mu ruwa aka zaɓi waɗannan iri. A Gaya ana samun wajen milimita 800 a shekara, a Maraɗi kuwa wajen 500. Mu abin da muke bukata shi ne irin da zai nuna cikin kwana 90 ko ƙasa da haka, ya jure tsayawar ruwa a tsakiyar damina, ya yarda da jigawa, kuma ya kai ƙarshen bazara cikin rumbu bai mutu ba. Ba wanda zai zaɓa mana wannan iri a Ibadan. Sai an shuka an gani a Madarunfa, da Magariya, da Gaya, shekara bayan shekara.

Muna da masu iyawa. INRAN tana aiki tun 1975, tana da cibiya a Tarna, gab da Maraɗi. Manominmu ya san hatsi HKP da wake TN5-78, waɗanda daga binciken ƙasar nan suka fito. Abin da ya rage shi ne a ware ma waken suya kuɗi da fili, a kuma yi haƙuri, domin fitar da sabon iri aikin shekaru ne.

Na yarda da masu cewa hatsi ne gaba da komai. Ban ce a kai waken suya Dakwaro ko Tanut ba, kuma ban ce kowa ya bar hatsinsa ba. Amma a kudu, gonar da aka shuka waken suya bana ta fi ba da hatsi ko dawa baɗi, kuma wasu irin TGx suna rage ƙuduji. Ga ƙwayar kanta: wajen kashi 40 cikin 100 sinadarin gina jiki ne. A yankin da tamowa ke kwantar da yara asibiti kowace damina, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Roƙona biyu ne. Na farko, in an zo zaɓen iri, a gayyato mata masu awara, su jiƙa, su niƙa, su faɗi wanda ya fi ba da madara da kyawon launi. Irin da suka ƙi, ko ya cika rumbu ba zai samu kasuwa ba. Na biyu, a horar da ƙungiyoyin manoma su riƙa ninka iri mai kyau, su sayar a kusa. Wanda ya auno tiya a kasuwar Jibiya ya shuka, bai san ko za ta tsiro ba, in kuma ta ƙi, sai ya ce ƙasar ce ba ta yi.

Gwaggona ba ta san TGx ba. Abin da take so shi ne ta sami wake a Madarunfa, a biya da sefa, ko iyaka na buɗe ko tana rufe. Allah ya ba mu damina mai albarka.