Ninebata Tana Bayan Tashar Jirgin Kafanchan

A watan Afrilun 2011, a rikicin da ya biyo bayan zaɓen shugaban ƙasa, wuta ta cinye kasuwar Kafanchan, ta haɗa da rumfar hatsina. Daga ranar na daina gaisawa da maƙwabcina na kasuwa, wani dattijo Musulmi da muka shekara goma muna aron mudu a tsakaninmu. Bai yi mini komai ba. Tasa rumfar ma ta ƙone.

Shekara biyar zuciyata tana ce mini in je in gaishe shi, ina ƙi. Na ƙara baiko, na shiga ƙungiyar mawaƙa, ban fasa azumi ba, duk don in toshe wannan murya. Annabi Yunusa jirgin Tarshish ya hau don ya guje wa Nineba. Ni cikin hidimar coci na ɓuya.

A Maris 2016, da wakilan al'ummomi 29 suka sa hannu kan yarjejeniyar zaman lafiya ta Kafanchan, kunya ta kama ni. Na tafi gidansa, bayan tashar jirgin ƙasa. Ya shimfiɗa mini tabarma, ya ce, "Ɗana, ka daɗe." Na kasa magana.

Ina ganin yawancinmu Kiristocin Kudancin Kaduna mun san abin da Ubangiji yake so, nauyinsa muke gudu. Ban ce a bar neman adalci ba. Jinin da aka zubar a ƙauyukanmu ba wasa ba ne. Amma ya ɗan'uwa, idan akwai ƙofar da Ruhu ya daɗe yana nuna maka, je ka yi sallama kafin Lahadi mai zuwa.