Kulocin Babur ɗin Baba: Mu Koyi Biyan Kuɗin Gano Ciwo



Shekara uku babur ɗin mahaifinmu, Honda CG125, ya yi jingine a zaure bayan rasuwarsa, Allah Ya jiƙansa. Da aka zo ƙarasa rabon gado, yayanmu ya ce a kira 'yan gwangwan su auna shi a kilo kowa ya huta. Na ce, "Yaya, a ba ni mako biyu. In ya tashi a yi masa kuɗi a sa a rabona, in bai tashi ba a yi yadda ka ce." Ya amince.

Na wanke tanki da kafireta, na sa sabon fulogi, na yi juyen baƙin mai. Da na buga kik sau biyar sai ga shi ya tashi. Murna ba ta daɗe ba. Ina matse kuloci na taka giya ta ɗaya, sai babur ya zabura gaba ya mutu, saura ƙiris ya daki ƙofar zaure. Sau uku ina gwadawa, sau uku yana yi mini haka.

Bakaniken da na fara tura shi wurinsa ko hannun kulocin bai taɓa ba. Daga inda yake zaune ya ce, "Oga, kuloci ya tafi. Sai an sauke inji an sa sabon saiti gaba ɗaya." Kuɗin da ya yanka ya kusa rabin albashina, sai na ce zan dawo.

Wani maƙwabcinmu ne ya kwatanta mini wani dattijo da ke gyara a gindin bishiya, wanda ya ce tun zamanin da ake yayin Vespa yake sana'ar. Kafin ya ɗauki sifana tambaya uku ya yi mini. Tun yaushe aka ajiye shi? Hannun kulocin yana da tauri ko laushi? In ka sa giya, kuka yake yi bai tafiya, ko zabura yake ya mutu? Da na amsa sai ya ce, "Ɗana, kulocin nan bai tafi ko'ina ba. Zama ne ya liƙe shi."

Ga bayanin da ya yi mini, don na san a cikinmu akwai masu irin wannan babur a ajiye. Kulocinsa farantai ne a jere cikin baƙin mai, na ƙarfe zalla da masu abin riƙo a jiki, sifirin yana matse su wuri guda. In ka matse hannun kuloci waya ce ke ja, farantan su saki juna, inji ya rabu da taya. In babur ya daɗe a ajiye, man da ke tsakaninsu yakan tsiyaye, ragowar ya yi danƙo, na ƙarfen su yi tsatsa, sai su manne. Kana matsewa a hannu, a ciki ba abin da ya saki. Wannan daban yake da zamewa, inda farantan suka cinye, ka murɗa totur inji ya yi ta ihu babur na jan ƙafa.

Daga waje ya fara, daga abu mai araha. Ya duba wayar ko ta yi tsatsa ko ta fara tsinkewa, ya ɗiga mata mai. Ya daidaita lilon hannun kulocin ya koma tsakanin milimita 10 zuwa 20 a ƙarshensa, domin in lilon ya yi yawa wayar ba ta ja yadda farantan za su rabu. Sai ya tayar da inji a firi ya bar shi kusan minti goma sha biyar man ya yi zafi, yana matse kuloci yana saki. Daga nan ya kashe, ya sa babbar giya, ya ce in riƙe kuloci mu riƙa tura babur gaba da baya. A turi na shida muka ji ƙas, taya ta sake. Ya ce da bai saki ba, murfin dama kawai zai buɗe ba tare da sauke inji ba, ya raba farantan ya wanke, ya ɗora na ƙarfen a kan gilashi ya ga ko sun lanƙwashe, ya duba ko sun ci bakin kwandon da suke ciki. Ya kuma gargaɗe ni kada in zuba man mota, in nemi mai alamar JASO MA a jikin galan, don wasu mayukan mota santsinsu kan sa irin wannan kuloci zamewa.

Da na tambaye shi nawa ne, sai ya ce, "Ba da abin da ya sawwaƙa, ai ban sa komai ba." Hannuna har ya kai kan canjin da ke aljihun gaba, irin wanda muke kira na shan ruwa. A nan na tsaya na ji kunyar kaina, kuma dalilin wannan rubutu ke nan.

Muna yawan zagin makanikai da cewa ba su iya komai ba sai "a canja." Ni a ganina mu muka koya musu. Wanda ya sauke inji ya sa sabon kaya mukan biya shi ba gardama, har da ribar da ya ɗora a kan kayan. Wanda ya gano ciwon da tambaya uku ya warkar da shi da ɗigon mai kuwa, sai mu ce ai ba wani aiki ya yi ba. To yaron da ke koyo a gareji yana kallo. Wanne kuke ganin zai zaɓa ya zama? Likita ma kuɗin gani daban yake da kuɗin magani, ba mai cewa ya yi zalunci.

Na san wani zai ce ɗan acaɓa ba shi da lokacin tura babur gaba da baya, gara a sa sabo ya koma nema. Gaskiya ne, kuma farantan da suka cinye ba abin da zai dawo da su sai canji. Abin da nake cewa shi ne canjin ya biyo bayan dubawa. In ba haka ba, za a cire kayan asali masu sauran rai a jefar, a sa na jabu da ba zai kai damina ba, ko a canja farantai alhali waya ce ke da laifi, ka koma gida da ciwonka da bashi. Kamfanin Honda ya ƙera CG125 a tsakiyar shekarun 1970 musamman don ƙasashe irin namu, inda ake lodi fiye da ƙima kuma ba a juye a kan lokaci, har yau kuma ana ƙera shi a Pakistan. Ba ƙarfen ne ke fara gazawa ba, masu sanin sirrinsa ne ke ƙarewa ba magada.

Shawarata uku ce. Ka yi ciniki da bakanike a kan kuɗin dubawa tun kafin ya taɓa noti, ka biya ko ba a sayi komai ba. In ya ce a canja, ka ce ya nuna maka abin da ya lalace, ka kuma karɓi tsohon. In za ka ajiye babur, ka riƙa tayar da shi duk mako kana motsa kuloci da giya.

Na ba dattijon nan abin da ya sa ya dube ni sau biyu, kuma duk da haka bai kai kashi ɗaya cikin biyar na abin da na farkon ya nema ba. Da na shigo layinmu da yamma, Umma ta ce tun daga ɗaki ta gane ƙarar. Da tsohuwar zuma ake magani, amma sai an biya mai zumar.

Allah Ya jiƙan iyayenmu, Ya sa albarka a sana'o'inmu.