Gini Ba Ya Karɓar Haihuwa

Jama'a, manoma da makiyaya, maza da mata, a kasa kunne.

Duk zaɓe sai an zo muku da zancen gina asibiti. A gina, a shafa fenti, a ɗauki hoto, a watse. To, wanda ya taɓa ɗauko mai naƙuda a amalanke da tsakar dare, ya tarar da kwaɗo a ƙofa, shi ya san bulo ba ya yin allura.

Ina ma'aikatan suka shiga? A 2024 ministan lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, ya ce likita 15,000 zuwa 16,000 suka bar Nijeriya cikin shekara biyar. Waɗanda suka rage kuwa, yawancinsu suna manyan birane. Amma mu nan karkara ba mu ma kai ga kukan likita ba tukuna. Malamin asibiti da ungozoma muke nema, masu kwana a cikinmu.

Ku tuna, a 2009 gwamnatin tarayya ta tura ungozomomi ƙauyuka. Aka ƙulla cewa tarayya ta biya kasonta, jiha ta biya nata, ƙaramar hukuma ta ƙara nata da ɗakin kwana. Jihohi da ƙananan hukumomi da dama suka yi kunnen uwar shegu. Yarinya ta baro garinsu, wata ko harshen mutanen ba ta ji, ba ɗaki, ba ruwa, ba fitila, haƙƙinta sai an ga dama. Tsakani da Allah, in 'yarka ce, za ka ce ta zauna? Da yawa suka tattara nasu ya nasu.

Mu abin da muka ɗaura niyya ke nan: da ɗan gari akan ci gari. Kowace mazaɓa a zaɓo yaran da suka gama sakandare, hukuma ta ɗauki nauyinsu a makarantar aikin lafiya da ta ungozoma, bisa alkawarin su dawo gida su yi aiki. A yi musu ɗaki jikin asibiti, a ba su ladan zaman ƙauye, albashi ƙarshen wata. Kada kowa ya ce muku ba kuɗi. Dokar lafiya ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya domin lafiyar talaka tun daga tushe.

Sai dai ku ma da naku, magidanta. Ba ka yarda namiji ya duba iyalinka, amma ka cire 'yarka daga makaranta tana aji uku. To, ungozomar daga sama za ta faɗo?

Duk ɗan takarar da ya shigo garinku, har da namu, ku tsayar da shi a ƙofar mai gari. Ku tambaye shi ma'aikata nawa zai kawo, a ina za su kwana, wa zai biya su. Sannan ranar zaɓe a fito da kati tun da sassafe, mata su ma a bar su su je.