Razana Daban, Zullumi Daban

Kwanan baya wasu ɗalibai 'ya'yan zangonmu, masu koyon sana'ar fim, suka zo neman iznin Maigida su nuna abin da suka shirya a ƙofar fada. Ni na rubuta musu takardar izni, saboda haka na zauna na kalla. Labarin wata yarinya ce da wani mugu ke bibiya. Sun yi ƙoƙari, Allah ya yi musu albarka. Sai dai tun fim bai kai rabi ba na ga dattawa suna hira, yara suna guje-guje. Da mugun ya faɗo daga bayan ƙofa aka yi kururuwa sau ɗaya, aka yi dariya, aka watse.

A ganina, kuskurensu shi ne sun ɗauka ɓoye wa mai kallo komai shi ke riƙe shi. Alhali wanda bai san akwai rami a gaba ba, ba ya jin tsoron tafiya. Razana ta ƙiftawar ido ce. Zullumi kuwa shi ne ka san masifa tana tafe, ka ga wanda za ta afka wa bai sani ba, ka rasa yadda za ka gaya masa.

Alfred Hitchcock, mutumin Ingila da ya shahara a wannan fanni, ya bayyana wa François Truffaut na Faransa wannan bambanci a hirarsu ta 1962. Misalinsa shi ne mutum biyu suna zaune suna taɗi, ga bam a ƙarƙashin tebur. In ya fashe ba zato, an razana na daƙiƙa 15. In kuwa an nuna wa 'yan kallo bam ɗin tun farko, aka sanar da su ƙarfe ɗaya zai tashi, ga agogon bango yana nuna ɗaya saura kwata, to sun sami minti 15 suna zaune a kan ƙaya, ko da taɗin na banza ne.

Mu ma ba baƙi ba ne a wannan hikima. Duk wanda ya karanta Magana Jari Ce na Abubakar Imam ya san cewa tun da wuri aka buɗe mana makircin Waziri da Sarkin Sinari. Musa ɗan Sarki kuwa yana cikin duhu. Kowane dare ya yi shirin fita, aku ya tsare shi da labari har gari ya waye, mu kuwa hankalinmu na kan ƙofa, muna addu'ar kada ya fita. Da Imam ya ɓoye makircin sai ƙarshe, da labaran aku hira ce kawai.

Na san ɗalibai za su ce ba su da kuɗi, ba su da kayan aiki. Wannan uzuri ba ya tsayawa. Lokacin da Steven Spielberg ke ɗaukar Jaws, wanda ya fito a 1975, kifin injin da aka ƙera ya yi ta lalacewa, dole ya rage nuna shi, ya dogara da kiɗa da motsin ruwa. Tsoron ya ƙaru.

Saboda haka, ya ku 'ya'yanmu, ba a fafe gora ranar tafiya. Ku fara sa mu ƙaunaci yarinyar: mu ga tana kai wa kakarta koko, mu san abin da za a rasa in ta salwanta. Sa'an nan ku nuna mana mugun ya shiga ɗaki ya laɓe, ku sanar da mu cewa ba mai dawowa gidan sai bayan Isha'i. Daga nan ku bar ta ta nufo gida a hankali, tana gaisawa da maƙwabta. Ku gwada haka ku sake kawo mana, za ku ga ko dattijon da ya fi kowa gyangyaɗi ya miƙe yana cewa kada ta shiga.

Allah ya sa mu dace.