Wai Taura Biyu Ba Ta Taunuwa?

Wannan watan da ke nake, uwar 'ya mace.

'Yarki ta karanci hulɗar ƙasa da ƙasa a jami'a, kina hango ta a ofishin jakadanci, sai ga ta tana koyar da Turanci, da dare kuma tana rubuta labari. Har kin fara cewa ta yi asarar karatu, wai taura biyu ba ta taunuwa.

Dakata tukuna. Dubi Farfesa Zaynab Alkali, wadda ta koyar da Turanci a Jami'ar Maiduguri, daga baya a Keffi. Littafinta The Stillborn ya fito a 1984, ya ci kyautar Ƙungiyar Marubuta ta Nijeriya a 1985. Shiga aji bai raba ta da alƙalami ba.

Karatun 'yarki ma bai faɗi ƙasa ba. Wadda ta san yadda ƙasashe ke ɓatawa su shirya, ai rikicin gida ba zai shige mata duhu ba, labari kuwa daga nan yake tsirowa.

Ki bar mata sa'a guda bayan Asuba, babu aike. In manemi ya fito, a sanar da shi tun kafin a sa rana.

Allah Ya albarkaci zuri'armu. Sai wata mai zuwa.