Lokaci Ya Yi Da Za A Ba Kakaki Gurbi A Orkesta Da Sinima

Daga cikin kayan busa na ƙasar Hausa babu mai kwarjinin kakaki, wannan dogon ƙaho na tagulla ko gwangwani da maƙeran fari suke ƙerawa gaɓa-gaɓa, tsawonsa ya kai mita 2 ko fiye. Littafin Tarihin Kano ya lissafa shi cikin abubuwan da Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, ya shigo da su fada. Har yau ana busa shi a fadar Damagaram da ta Maraɗi ranar hawan salla, tare da algaita da tambari. Girmansa ya sa Bahaushe ya ara sunansa ya ba mai magana da yawun hukuma, ya ce da shi kakaki.

Amma da zarar an bar ƙofar fada sai a neme shi a rasa. Ƙungiyoyin orkesta na birane sun rungumi jita da fiyano da ƙahonin Turai, masu shirya fim kuwa, in sarki zai fito, sau da yawa sai su danna na'ura ta kwaikwayo musu amon da aka tsara a wata nahiya. Kayan aro ba ya rufe katara. Ƙasar da ɗanta Umaru Ganda ya ci babbar kyautar FESPACO ta farko a Wagadugu a 1972 ba ta dace da aron murya ba, alhali tana da tata.

Masu ja da wannan ra'ayi suna da hujja biyu, kuma kowace tana da nauyi. Ta farko ita ce kakaki kayan sarauta ne, ba a busa wa talaka, kuma fitar da shi dandali zubar da mutuncinsa ne. Wannan magana ce ta masu kishin gado, ba a raina ta. Sai dai maganinta yana hannun sarakuna da kansu: ƙungiyar sarakunan gargajiya tana iya zama da mahukuntan al'adu a shata iyaka, a ware kirarin da ya keɓanta ga kowace fada, a bar amon kakakin kansa ga mawallafan kiɗa. Abin da ya fi barazana ga mutuncin kakaki shi ne ranar da za a nemi mai busa ko maƙeri a rasa, domin sana'ar da ba ta ciyar da mai ita 'ya'yansa ba sa gadonta.

Hujja ta biyu ita ce kakaki murya biyu kawai yake bayarwa, ta sama da ta ƙasa, don haka ba ya iya bin waƙa. Gaskiya ne, kuma da waɗannan muryoyi biyu ne yake kwaikwayon hawa da saukar harshen Hausa har mai sauraro ya gane kirarin da ake yi. Amma dokar busa sananniya ce: gwargwadon tsawon bututu, gwargwadon kaurin murya. In aka auna aka ƙera kakaki uku ko huɗu masu tsawo daban-daban, masu busa suka riƙa karɓa-karɓa, za a sami murya shida ko takwas, abin da ya isa a gina kiɗa a kansa.

Manyan mawallafan kiɗa na Turai sun bi irin wannan hanya tun tuni. Sa'ad da Verdi na Italiya ya shirya wasansa mai suna Aida, wanda aka fara nunawa a Alƙahira a 1871, sai da aka ƙera masa dogayen ƙahoni miƙaƙƙu guda shida, kashi biyu masu murya daban, domin shigowar mayaƙan Fir'auna. Wagner na Jamus ma ya sa an ƙirƙiro wani sabon ƙaho da har yanzu ake kira da sunansa, kuma masu kiɗan fina-finan Amurka suna amfani da shi. Su sai da suka ƙirƙira, nan kuwa an gaji abin a shirye.

Ƙasar Tondikanja da Kurfai tana da ta cewa a wannan batu, domin ɗan Fandu ne, Janar Seyni Kunce, wanda ya shugabanci Nijar daga 1974 zuwa 1987, ya farfaɗo da samariya, kuma a zamaninsa aka soma bikin matasa na ƙasa a Damagaram a 1976, inda makaɗan kowace jaha suka riƙa jin na juna. Darasin wancan zamani shi ne kayan kiɗan kowane yanki dukiyar ƙasa ce baki ɗaya. Ranar da wani ɗan Filinge ko Damana zai ɗauki kyamara ya ba da tarihin Dallol Boso, da yaƙe-yaƙensa da sarautunsa, ya kamata ya sami mawallafin da ya san kakaki da algaita da ganga kamar yadda ya san fiyano.

Akwai kuma misalin da ya nuna abin mai yiwuwa ne. A 2002 marigayi Malam Mamman Barka, da tallafin UNESCO, ya tafi tafkin Cadi ya koyi biram, kayan kiɗan Buduma mai tsirkiya biyar, a hannun tsoho Bukar Tar, sannan ya kai shi dandalin duniya kafin rasuwarsa a 2018. Cibiyar koyar da kiɗa ta Alhaji Taya da aka buɗe a Yamai a 1989 tana iya yi wa kakaki irin wannan hidima: ta gayyato masu busar fada da maƙeran fari su koyar, a naɗi muryoyinsu, a rubuta ma'aunin ƙirarsu, a ba samarin Kurfai da Tondikanja gurbi tare da na Damagaram da Maraɗi.

Aikin ba ya bukatar kuɗi mai yawa, yardar sarakuna da niyyar mahukunta yake jira. Tun da sauran dattawan da ke da numfashin busa da ilimin ƙira, yanzu ne ya kamata a je a durƙusa gabansu. Allah ya ba magabata ikon dubawa.